Shigo da Babbar Mota ta Hannu daga Turai ko Chaina: Daga Zaɓe har Lodin Farko

Wata la'asar a Mokwa, gefen titin da ya taso daga Jebba, na tarar da wani kan tirela fari tas, sabon zuwa, ko sunan kamfanin Turawan da ya yi wa aiki ba a gama kankarewa daga ƙofarsa ba. Kwanansa huɗu a wurin, buhunan taki na bayansa. Inji na tashi lafiya, ba ƙara, ba yoyo, amma motar ta ƙi wuce gudun keke. Makanikai uku sun leƙa, kowa ya goge hannu ya ce shi bai ga abin da ya karye ba. Da gaskiyarsu. Na'urar tace hayaƙi ce ta toshe, ƙwaƙwalwar motar ta rage mata ƙarfi da kanta, sai an ɗauko mai kwamfuta daga wani gari. Direba na zaune kan tabarma a inuwar bodi, waya a kunne, yana ta cewa, "Alhaji, wallahi ba laifina ba ne."

Ba laifinsa ba ne kuwa. An yi kuskuren tun ranar da aka zaɓi motar a hoto. Abin da ya sa nake rubuta wannan ke nan, don na ga gumin mutane na shekaru ya ƙare a gefen titi, kuma yawancin asarar abin kaucewa ce in an bi abin daki-daki.

Fara da lodi da makaniki, mota ta biyo baya

Kafin ka buɗe kowane shafin sayar da motoci, ka amsa wa kanka tambaya biyu: me za ta ɗauka, kuma wa zai gyara ta? Mai ɗauko kwantena daga Apapa zuwa Kano, mai kwasar masara da waken suya daga Dawanau zuwa kudu, mai jigilar yashi da tsakuwa a cikin gari, da mai tankar mai, ba mota ɗaya suke bukata ba. In da hali, ka sami alkawarin lodi a hannu, ko da na baki ne daga mutumin da ka yarda da shi, kafin kuɗinka ya bar ƙasar.

Daga nan ka je garejin da za ka riƙa kai motar. Ka zauna da babban makanikin, ka tambaye shi injin da zai iya kwancewa ya mayar ba tare da neman taimako ba. Ka zaga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo in kana Legas, ka tambayi kuɗin nozul, kulochi, turbo da famfon ruwa na motar da kake tunani. Wadda aka ce maka "sai an yi oda" a kan ƙananan kayanta, ka cire ta daga lissafi komai kyanta. Ba banza ba DAF, MAN, Mercedes Actros, Mack da HOWO suka cika titunanmu: kayan gyaransu na ƙasa, hannu kuma ya saba da su.

Irin motar da titinmu ke ɗauka

Nan ne zan daɗe, don nan aka fi faɗawa rami.

Yawancin kawunan tirela na Turai masu aksul biyu ne, wato 4x2, an ƙera su don shimfiɗaɗɗen titi da lodi mai awo, bayansu na zaune kan jakar iska. Ga wanda zai bi hanyar Ilori zuwa Jebba da damina, ko ya shiga ƙauye ɗauko hatsi, 6x4 ya fi, mai taya goma, aksul biyu na baya duk suna ja, kan sifirin na ƙarfe. Ya fi tsada a Turai domin bai da yawa a can, ya kuma fi shan mai, amma sifirin in ya karye ko a Tafa za a ɗaure maka shi. Ka lura da 6x2: shi ma aksul uku ne a ido, sai dai guda ɗaya kawai ke ja, a laka sai ka ga taya na juyawa mota na tsaye. Akwai kuma waɗanda ake kira mega ko lowdeck, masu gajeren shasi da ƙananan tayu. Sukan yi araha, amma cikinsu na gab da ƙasa, kuma farantin da ake ɗora bodi ya yi ƙasa da yawa ga bodin da ake ƙerawa a nan. Ka auna tsayin bodinka, ka kuma san kaurin ƙusar da ke shiga farantin, don iri biyu ne: inci 2 da inci 3.5.

Giya kuwa, ni dai ta hannu nake ba da shawara, irin ta kamfanin ZF mai giya 16 da ke cikin DAF da MAN da yawa. Mai canza kanta tana da daɗin tuƙi, amma ranar da ta rikice sai kwamfuta.

Sai batun hayaƙi. Turai ta riƙa tsaurara doka mataki-mataki: Euro 3 a 2000, Euro 4 a 2005, Euro 5 a 2008, Euro 6 kuma ya hau kan duk sabuwar babbar mota daga farkon 2014. Kowane mataki na ƙara wa inji na'urori. Daga Euro 4 da 5 motoci da yawa suka fara shan wani ruwa mai suna AdBlue a tanki na daban, Euro 6 kuma ya zo da matatar toka a salansa. An yi su ne don man gas mai tsabta sosai, wanda sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Man da direba zai sha a jarka a gefen hanya bai san wannan zance ba. Saboda haka makanikai ke son tsofaffin injina irin na DAF XF 95, CF 85 da MAN TGA, sai XF 105 da Actros MP3 a bayansu.

Amma doka na matsowa ta ɗaya ɓangaren. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince kada a shigo da motar da ta gaza Euro 4, a 2022 kuma kwastan ta Najeriya ta bayyana cewa iyakar shekarun motar hannu ta dawo 12 daga 15. Don haka kafin ka ba da ko kwabo, ka sa ejan ɗinka, wato mai fitar maka da mota daga kwastan, ya nuna maka a rubuce yadda ake aiki da iyakar shekaru a kan rukunin motarka a wannan lokacin. In lissafi ya kai ka ga Euro 6, ba haramun ba ce, sai dai ka shiga da shiri: gidan mai guda da ka amince da shi, ƙarin matatar raba ruwa da mai, AdBlue a cikin kasafi, da lambar mai kwamfuta a wayar direba.

Abu ɗaya da ba a tattaunawa a kansa shi ne sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma an hana shigo da mota mai sitiyari a dama. Motocin Ingila da Japan sukan ja hankali da araha, wani ya ce maka za a juya sitiyarin a gareji. Kada ka yarda a yi wa motar da za ta ɗauki tan talatin tiyata a sitiyari da birki. Rayukan mutane ne a kan titi.

Turai ko Chaina

Motar Turai an yi mata aiki da yawa amma galibi an kula da ita, kuma tana da tarihi a rubuce. Ana samunta a shafuka irin mobile.de, Autoline da TruckScout24, da manyan filayen dillalai a Holan, Jamus da Beljiyam.

Chaina ta buɗe ƙofar fitar da motocin hannu a hukumance a 2019, kuma yankin Liangshan a lardin Shandong ya yi suna da kasuwar manyan motoci. HOWO mai doki 371 injinta ba shi da rikici, 6x4 ce tun daga masana'anta, kayanta kuma ko'ina, musamman da yake ana harhaɗa Sinotruk a Legas. Matsalar ita ce abin da suke kira motar da aka sabunta. Wata an sabunta ta da gaske. Wata kuwa fenti ne kawai, da sababbin kujeru da leda a sitiyari, a kan shasin da ya gama wahala a mahaƙar ma'adinai. Hoto ba zai bambance maka su ba. In Chaina za ka, ka nemi hoton motar kafin a taɓa ta, ka sa a rubuta a yarjejeniya abin da aka canza ɗaya bayan ɗaya, kuma a duba ta kafin fenti ya rufe walda.

Dubawa

Sayen mota a hoto sayen kifi a ruwa ne. Ko ka je da kanka, ko ka biya mai duba mota mai zaman kansa wanda ba dillalin ne ya kawo shi ba. Ɗan'uwa da ke zaune a Hambug yana da amfani, amma in ba makaniki ba ne, iyakarsa ya tabbatar maka filin da motar suna nan.

Ga abin da za a yi, kana kallo ta bidiyo kai tsaye. A tayar da inji da sanyinsa, a fara nuna maka hannu a kan injin don ka san ba a ɗumama shi ba. Ka kalli hayaƙi: shuɗi na nufin yana cin baƙin mai, fari mai kauri da bai ɗaukewa na iya zama ruwa na shiga inda bai kamata ba. Inji na aiki, a buɗe murfin zuba baƙin mai. In yana huci kamar tukunyar dambu, zobban fistin sun gaji, aikin inji na jiranka. A leƙa ruwan lagireto ko akwai maiƙo. A saki iska duka, a ga yadda tankunan birki ke cika, a kashe inji a saurara ko akwai tsiyaya. A ɗaga kan motar a haska shasi da tocila daga gaba har baya, musamman kusa da farantin bodi, ana neman tsagewa, walda ko faci. Turawa na zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi ya sa tsatsa ke cin ƙarƙashin motocinsu ko da sama na ƙyalli. Sannan a hau titi da ita, a shiga kowace giya.

Kilomita ma abin lura ce. Motar dogon zango a Turai takan yi kilomita 100,000 zuwa 150,000 a shekara. In an nuna maka mai shekara goma da kilomita 400,000, ka nemi hujja: littafin sabis, takardun gwajin shekara-shekara, da abin da kwamfuta ta karanto daga ƙwaƙwalwar injin. Sitiyarin da ya siɗe da fedar da ta cinye sun fi agogo faɗin gaskiya. Taya kuma tana da ranar haihuwa a gefenta, lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na 2019.

Na ƙarshe, lambar shasi mai harafi da lamba 17. A ɗauki hotonta a jikin ƙarfen, ka gwada da ta takardun mota, harafi bayan harafi. Ita ce za ta bi motar har teburin kwastan.

Biyan kuɗi

Damfara a wannan harka salonta kusan ɗaya ne: mota mai kyau, farashi ƙasa da na kowa, da mai sayarwa da ke cewa wani na zuwa gobe, ka turo kafin alƙalami yau. Wasu har kwaikwayon shafin kamfani na gaske suke yi. Ka nemo lambar wayar kamfanin ta wata hanya dabam ka kira. Kuɗi ya tafi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin da ke kan rasit, a ƙasar da kamfanin yake. In aka aiko saƙo cewa an canza asusu, ka dakata har sai ka ji daga bakinsu.

Ka san farashin da ake ba ka. Harajin VAT a Jamus kashi 19 ne, a Holan da Beljiyam 21, kuma motar da za ta bar Tarayyar Turai ba ta biyansa. Wasu dillalan kan riƙe ajiya har sai takardar fita ta tabbata, to a rubuta yadda za a mayar maka. Ka kuma tambaya ko kuɗin na mota ce a filinsu, ko har bakin jirgi, wato FOB, ko har tashar Legas, wato CFR. Wanda ke neman jari ba tare da kuɗin ruwa ba, bankuna irin Jaiz da TAJ suna da tsarin murabaha da ijara, sai dai su ma za su so ganin inda lodi zai fito.

Jirgi da takardu

Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci Najeriya ta kan iyakokin ƙasa. Wanda ya ce zai sauke maka a Kwatano ya shigo da ita ta daji, yana sayar maka da motar da za ka riƙa ɓoyo da ita har abada. Ta ruwa za ta zo. Babbar mota na hawa jirgin da ake tuƙa motoci a shiga da su, daga Antwap, Hambug ko Amsterdam, kamfanoni irin Grimaldi da Sallaum ne ke wannan layi, yawanci kuma a Tin Can ake saukewa, inda tashar PTML take. Tafiyar kan ɗauki makonni, kuɗin kuma da girman mota ake yanka shi, shi ya sa wasu ke goya wata motar ko bodi a bayan wata. Dole motar ta iya tashi da kanta, don haka batir ya zama mai rai. Kada a cusa kaya a cikin kan motar ba tare da an rubuta su ba, ko su ɓace ko su jawo maka tsaiko. Ga 'yan'uwanmu na Nijar, hanyar Kwatano zuwa Gaya ta rikice tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya da yawa sun koma Lome, sai a sa tsawon wannan hanya a lissafi.

A ƙa'ida, kayan kasuwanci na bukatar a buɗe Form M, takardar bayyana kayan da za a shigo da su, ta banki kafin a loda su, da lambar haraji ta TIN, da rasit na wucin gadi daga mai sayarwa, da inshorar ruwa daga kamfanin da ke da rajista a Najeriya. Daga nan kwastan ke fitar da PAAR, rahoton ƙimar kaya kafin su iso. Motoci kuma ana yi musu rajista a VREG, manhajar rajistar motoci ta gwamnati. Takardar da ta fi kowace daraja ita ce ta jirgi, wadda ake kira bil of ladin: sunan wanda ke kanta shi ne mai mota. Ka sa sunanka ko na kamfaninka, ba na ejan ba, ba na aboki ba. Ka nemi a turo maka daftarinta kafin jirgi ya tashi, ka duba lambar shasi da shekarar ƙira. Gyaran harafi ɗaya bayan jirgi ya iso na iya cin makonni.

Fito

Ejan mai lasisin kwastan za ka nema, mai ofis da za ka iya zuwa, wanda wani da ka sani ya taɓa fitar da babbar mota ta hannunsa. Ka ɗauke shi tun kafin ka sayi motar, ya ba ka ƙiyasi a rubuce.

Kwastan na raba kaya da lamba: kan tirela 8701, motar ɗaukar kaya irin tifa 8704, bodi 8716, kowanne da kuɗinsa. Kuɗin kuma na canzawa. Dokar kuɗi ta 2020, alal misali, ta sauke harajin motocin ɗaukar kaya daga kashi 35 zuwa 10, an kuma sha ƙara wasu kuɗaɗe ko cire su bayan nan. Tun 2022 kwastan ke amfani da lambar shasi wajen yi wa mota ƙima, saboda haka ba lallai abin da ka biya a Jamus ne za a yi lissafi da shi ba.

Don ka ga yadda lissafin ke hawa kan juna, mu ɗauka an yi wa motar ƙima, haɗe da kuɗin jirgi da inshora, a kan naira miliyan 30, haraji kuma kashi 10. Miliyan 3 ke nan. Ƙarin kashi 7 na harajin, 210,000. Kuɗin ECOWAS rabin kashi ɗaya, 150,000. VAT kashi 7.5 a kan jimlar duka, 2,502,000. Ka kusa miliyan 5.9, ba a sa sauran kuɗaɗen da ke aiki a lokacin ba, ba kuɗin tasha, ba na kamfanin jirgi, ba ladan ejan. Sannan ga canji. A Mayun 2023 dala a hukumance wajen naira 460 take, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Waɗanda motarsu ke kan ruwa a tsakanin nan sun ji a jikinsu. Kwastan da canjin ranar shigar da takarda take aiki, ba na ranar da ka sayi mota ba.

Saboda haka kuɗin fito ya kasance a ajiye kafin jirgi ya iso, da rara a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan 'yan kwanakin alfarma, tasha na fara ƙirga kuɗin ajiya kullum, kuma yana ƙaruwa ne yayin da kwanaki ke yawa. Motar da aka bari ta daɗe, hukuma na iya yin gwanjonta.

Wani ejan zai ce zai rage maka, a rubuta shekarar da ba ita ba ko a sauya rukuni. Ina roƙonka kada ka karɓa. Jami'an kwastan na tare motoci a kan hanya su duba, kuma in kuɗin bai cika ba kai za a riƙe, da lodin mutane a bayanka. Ka biya harajin a banki, ka karɓi takardar ƙima, rasit, takardar saki da ta fita daga tasha, ka tabbatar lambar shasinka ce a kan kowace. Asali a gida, kwafi a mota.

Kafin ta ɗauki buhun farko

Jaraba ce babba a ce motar da ta fito tasha ta ɗauki lodi zuwa Arewa don ta fara mayar da kuɗi. Ka daure. A juye baƙin mai, man giya da na aksul, a canza duk matatai da bel, a wanke tankin mai da lagireto, don motar da ta saba da sanyin Holan za ta gamu da zafin Afrilu a Sakkwato. A duba birki ƙafa-ƙafa. Tayar da ta tsufa a cire ta ko da zanenta na nan. Wannan duka ka ware masa kuɗi tun farko, daidai da yadda ka ware na fito.

Sai lamba da takardun mota, shaidar lafiyar mota daga jami'an duba motoci na VIO, da na'urar taƙaita gudu da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilastawa motocin haya a 2017. Inshorar dole ta babbar mota ta koma naira 100,000 daga Janairun 2023, amma ita wanda aka yi wa ɓarna kawai take biya. Ka ƙara da inshorar kayan da ke kan hanya, manyan kamfanoni ma ba sa ba da lodi sai da ita. A sa na'urar bin sawu. In Apapa ko Tin Can za ta riƙa shiga, sai rajistar Eto, tsarin kiran motoci da aka fara a 2021. Shiga ƙungiya irin NARTO ta masu motocin sufuri na taimakawa wajen lodi da rigingimun hanya.

Direba kuwa, ka neme shi kamar yadda ka nemi motar. Ka tambayi inda ya bari da dalilin barinsa, ka ga lasisinsa na babbar mota, ku yi yarjejeniya a gaban shaidu kan albashi, kuɗin hanya, litar mai na kowace tafiya, da iyakar nauyin da za a ɗora. Lodin da ya wuce kima shi ke karya shasi da sifirin, ribar tafiya ɗaya ta jawo gyaran wata guda. Ka kuma biya shi hakkinsa a kan lokaci, shi da yaron mota, don su ne ke kwana a daji da dukiyarka.

Tafiyar farko ta zama gajera, kamar Kano zuwa Kaduna, da rabin lodi, makaniki na zaune a gaba. A cika tanki kafin a tashi, a sake cikawa in an isa, a rubuta lita da kilomita a littafin da zai zauna cikin motar. A tsaya a Zariya a taɓa cibiyar kowace taya da bayan hannu, a leƙa ƙarƙashi ko wani abu na ɗiga, a sake ɗaure notin tayu kafin a ci gaba.